Rigar Ƙarfen da Aka Tuɓe a Bawku

Akwatin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba zai musa ba. Ɗanlarai kafinta ne ya ƙera shi da katakon maɗaci, ya goge shi har mutum na iya gyara rawaninsa a jiki, ya bi gefe-gefe ya jera ƙusoshin tagulla. A zauren Alhaji Gariba da ke Salaga aka ɗora shi bisa sabon buzu, a daminar 1965, ana gab da Maulidi. Dillalan doya da masu awon hatsi sai shigowa suke suna kallo. Injin lasifika ne a ciki, irin wanda in an yi magana a makirfo yake ɗaga murya har ta kai bayan gari. Alhaji ya saye shi ne don ya kai wa Afa Imoro, babban malamin Yendi, sadaka, a yi karatun Maulidin bana da shi.

Mutum ɗaya ne bai ce madalla ba. Mashud, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda bai daɗe da dawowa daga makarantar koyon aikin lantarki a Tamale ba, ya zagaya bayan akwatin ya zare allon da ya rufe shi. Ya leƙa ciki. Kayan cikin inji ne tsirara, kwalabe da wayoyi a kan farantinsu, an danne su da guntayen katako.

"Kawu, ina rigarsa?"

Alhaji na ɓare goro, bai ɗago ba. "Rigar wa?"

"Rigar ƙarfen da aka ƙero shi da ita. Irin wannan inji ba ya fitowa daga masana'anta haka."

"Jama'a, ku ji Injiniya. Ko a fadar Kpembe babu katako irin wannan, shi kuwa gwangwani yake cigiya."

Aka yi dariya. Mashud ya yi bayani a hankali, yadda aka koya masa. Ya ce rigar nan aiki biyu take yi. Tana tare muryoyin da ke yawo a iska kada su faɗa cikin inji, tana kuma tsare wutar da ke ciki kada ta fito ta sami mutum. A jikinta ake ɗaura ɗan taransifoman da ke raba makirfo da wutar inji, a jikinta kuma ake manna tambarin da ke nuna an gwada abu an tabbatar ba zai cuci kowa ba. Yanzu an kwashe duka, an haɗa wayar makirfo kai tsaye da farantin. In mai haɗa wuta ya juya wayoyin nan biyu, ya sa ta dama a hagu, to duk ƙarfin wutar na jikin makirfo.

"To a kunna mu gani," in ji Alhaji.

Aka jawo waya daga injin niƙan maƙwabci. Kwalaben suka yi ja, lasifikar ta yi gunji, sai ga wata murya ta faɗo zauren tun kowa bai buɗe baki ba. Ɗan sanda ne a oba-obarsa yana ba da rahoton shanun da aka kama a hanyar Makango. Zaure ya kaure da shewa.

"Ka ga albarka!" in ji wani dillali. "Alhaji ya sayi lasifika an yi masa gyara da rediyo."

Mashud ya tashi ya juya wayoyin da gangan, gunjin ya ƙara kauri. Ya fito da sukundirebarsa mai ɗan ƙwai a gindi, ya ɗora bakinta a jikin makirfo. Ƙwan ya kama, ja wur.

"Kun gani? Wuta ce wannan."

Alhaji Gariba ya miƙe, ya tako bisa busasshen buzu da takalminsa na fata mai kauri, ya damƙi makirfon da hannu ɗaya ya ɗaga shi sama. Ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya yi murmushi.

"Ga ni na riƙe. Na mutu? Ɗan tsikari ne kamar na tururuwa. Mu da muka ci hanyar Kumasi da ƙafa, tururuwa za ta ba mu tsoro?"

"Kawu, a kan buzu kake, ƙasa a bushe, ga takalmi. Afa ba ya sa takalmi a wurin karatu. Kuma damina ake."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Rufe akwatin nan."

Ai cutar da ke cin mutanenmu ke nan. Abin da bai kashe mutum jiya ba, an gama, ba zai kashe shi yau ba. A nuna musu wuta da idonsu, su ce fitila ce. Mashud ya roƙa a ba shi dama ya sauka Kumasi ya nemo taransifoma, aka ce Maulidi ba ya jiran Kumasi. Ya ce to a bar shi ya shimfiɗa kwano a cikin akwatin, aka ce ba a sa wa kyautar malami gwangwanin kananzir. Bai iya ɗaga murya fiye da haka ba. Tun rasuwar mahaifinsa, Alhaji ne ya riƙe shi, shi ya kai shi Yendi karatun allo wurin Afa Imoro, shi ya kai shi Tamale. Mahaifiyarsa, Amamatu, har yanzu a cikin gidan nan take, tana jin komai ta bayan zana.

Abu ɗaya ya samu. Lorin Alhaji zai ajiye akwatin a Yendi ya wuce Bawku da sabuwar doya, kuma a Bawku Aruna yake, wanda ya shigo da injin daga Togo.

"Bi Issahaku direba ku je," in ji Alhaji. "In ka sami gwangwaninka, sa masa. In ba ka samu ba, ka kama bakinka."

A Yendi an tare su tun daga bakin zongo, unguwar Hausawa. Aka sauke akwatin a makarantar Afa Imoro, malamai suka kewaye shi, aka yi addu'a aka tofa, sannan aka kawo igiyar fata aka ɗaure shi ta baya aka ƙulle. Haka al'adar gidan take. Abin da aka ba makaranta sadaka ya zama na Allah, ba mai sake sa masa hannu ya buɗe sai da izinin Afa.

Mashud ya jira har jama'a suka ragu, ya shiga ya durƙusa. Afa Imoro ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun daɗe da rufewa, numfashinsa kuma gajere ne tun ciwon ƙirjin da ya yi bara. Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama wuyan hannun Mashud. Haka yake yi da duk wanda yake magana da shi, sai ya riƙe shi.

"Ɗan Amamatu. An ce ka zama mai kama walƙiya da hannu."

"Allah gafarta Malam, magana ce da ni a kan akwatin nan."

Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Afa na saurare yana murza yatsun ƙafarsa a ƙasa.

"Na ji ka," ya ce daga ƙarshe. "Kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma ka san ni da Gariba tun muna samari muke tare. Ya kawo abin nan ne don kabarinsa, ba don ni ba. In na ce a kwance igiya a duba cikinsa, me na ce masa a gaban mutanen Yendi? Na ce kyautarka abar tuhuma ce."

"Malam, rai ake magana."

"Ajalina ba a cikin akwati yake ba, ɗana."

"Amma ku kuka koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. "Kai, bakinka bai mutu ba. To ji nan. In ka kawo rigarsa ta asali, wannan ba bincike ba ne, cika kyauta ne. Zan kwance igiyar da hannuna. In ba ita ba, ka bar mini abokina da mutuncinsa."

Hanyar Bawku ta ci su. Lori ya kafe a laka bayan Gushegu, ya sake kafewa a gangaren dutse kafin Garu. Issahaku direba, Badagombe ne mai fara'a, yana tuƙi yana tsokanar Mashud da Massa, wato maigida.

"Massa Injiniya, kai damuwa ya yi maka yawa. Ni mota na duk waya a waje yake, shekara nawa, ga ni nan."

Sun sami Aruna a rumfarsa ta bayan kasuwar albasa, gajere mai ƙiba, yana cin tubani. Da ya ji abin da ya kawo Mashud, sai ya yi ta dariya yana buga cinya.

"Riga? Ai ni na cire shi! Dabara na ne wannan, duk Bawku ba wanda ya iya. Ka ga, inji in yana cikin riga, ɗan kwastan ya gani ya ce sabo ne, ya kama. In ka cire riga ka zuba hanjin a kwando, ka rufe da ganyen albasa, ko ya gani sai ya ce tarkace. Ta Tempane muke bi da shi a kan keke. Kafinta ya yi masa gida, ya fi na Bature kyau."

"Ina ka kai rigar?"

"Ba na zubar da komi, ni. Zo ka gani."

Ya ja shi har bakin tashar mota. Wata mata, Sahadatu, na zaune tana gasa sabuwar masara a kan murhun gawayi. Murhun ƙarfe ne mai kyau, mai kusurwa huɗu. Mashud ya tsuguna. Ya gane ramukan shan iskan nan da aka jera a layi, yanzu toka ce ke zuba ta cikinsu. Maƙeri ya yanke rigar gida biyu, ya lanƙwasa, ya sa mata ƙafafu. A gefe ɗaya, ƙarƙashin baƙin hayaƙi, ga ɗan tambarin gwaji nan manne da ƙusoshinsa.

"Ɗan samari, masara za ka saya ko murhuna kake so ka aura?" in ji Sahadatu.

"Taransifoman da ke ciki fa?" Mashud ya tambayi Aruna.

"Wannan mai nauyi? Jan waya ne cike a ciki. Masu awarwaro sun saya."

"Ka san abin da ka yi? Ka tuɓe wa wuta riga ka aika da ita hannun tsoho makaho!"

Aruna ya daina dariya. "Kai yaro, yi hankali. Na aika da irin shi Bolgatanga, na aika Pusiga, ba wanda ya mutu. Wasu ma na hanya. Kawunka bai yi ƙorafi ba, kai wane ne?"

A hanyar dawowa Mashud ya hau bayan lori. Yana zaune bisa buhunan albasa yana juya abin a ransa, duk ƙofar da ya taɓa sai ya ji ta a rufe. Ya fasa akwatin da gatari? Kafin kasuwa ta zagayo Aruna ya aiko da wani, shi kuma a hana shi ko kusantarsa. Ya je Tamale ya kai ƙara wurin mai duba kayan lantarki? Tambayar farko da za a yi ita ce ta ina injin ya shigo, daga nan sai Alhaji a gidan yari, mahaifiyarsa a titi. Ya kwance igiyar a ɓoye? To ya sa me a ciki, alhali abin da zai sa yana hannun 'yan matan Bawku suna kaɗa shi? Gaba kura, baya sayaki. Da suka tsaya a Gushegu shan ruwa, ya roƙi Issahaku tsohuwar robar cikin taya, ya yanka ta dogo-dogo.

Ranar Maulidi an yi ruwa da hantsi, aka ɗauke da azahar. Filin gaban makarantar ya jiƙe sharkaf. An kafa rumfa da tamfol, an ɗaura bakin lasifika a kan bishiyar mangwaro. Bayan la'asar fili ya cika, Dagomba da Hausawa da Gonjawa, har da baƙi daga Bimbilla da Gushegu. Alhaji Gariba ya iso daga Salaga cikin babbar riga, aka ba shi wuri a sahun gaba.

Mashud ya yi iya abin da zai iya. Shi da kansa ya jawo waya daga injin niƙan bayan kasuwa, ya ɗora ta a kan sanduna masu baki biyu. Ya haɗa, ya gwada da sukundirebarsa, ya sake gwadawa, ƙwan bai kama ba. Ya naɗe makirfon da roba tun daga wuya har gindi. Ya tsayar da Issahaku a wurin haɗin.

"Ko me ya faru, kada ka taɓa. Ka kira ni."

"Naa, na ji, Massa. Ko ƙuda ba zai sauka ba."

Da aka fito da Afa Imoro aka zaunar da shi a kan buzu, ya miƙo ƙafafunsa tsirara a kan danyar ƙasa, ya miƙa hannu yana neman makirfo. Mashud ya riga shi. Ya durƙusa a kan wani busasshen katako da ya tanada, ya kai makirfon bakin tsohon.

"Allah gafarta Malam, ku bar ni in riƙe muku. Ladan nake nema."

Jama'a suka ce Allahu Akbar. Wani ya ce ashe boko bai ɓata yaron nan ba. Afa ya yi murmushi, ya lalubo wuyan hannun Mashud ya riƙe, ya fara.

Muryar da a da ba ta wuce sahu na uku, yau ga ta tana sauka daga kan mangwaro, tana ratsa zongo. Tsofaffin mata da ke can baya, waɗanda suka shekara da shekaru suna ganin bakin Afa na motsi ba sa jin komai, suka fara share hawaye da gefen mayafi. Mashud ya ga haka. Abin alheri ne, wannan gaskiya ne. Da an bar shi da rigarsa, da alheri ne tsantsa.

Ana tsakiyar labarin haihuwa iska ta taso. Tamfol ya yi fal-fal, yayyafi ya fara. Can wajen kasuwa wata sanda ta faɗi, lasifika ta yi tsit. Jama'a suka fara gunaguni. Alhaji Gariba ya waiwaya ya daka tsawa.

"Issahaku! Me kake jira?"

Mashud ya yunƙura zai tashi, yatsun Afa suka ƙara riƙe shi.

"Zauna, ɗana. Ba a tashi a tsakiyar wannan wuri."

"Malam, wayar…"

Kafin ya rufe baki lasifikar ta dawo. Amma ba da irin sautin ɗazu ba. Wani gunji ne mai kauri kamar na rina a cikin tulu, a ƙarƙashinsa kuma muryar ɗan sanda na cewa oba, oba. Mashud ya san wannan gunjin. Shi ya ji a zauren Salaga lokacin da ya juya wayoyin da hannunsa. Issahaku ya haɗa su a juye.

Jama'a suka yi kabbara don murna, Afa ya ɗora daga inda ya tsaya. Mashud ya dubi hannunsa. Ruwa na ɗiga daga wani rami a tamfol, daidai kan makirfon, yana bin robar yana shiga tsakanin naɗin. Ya matsar da hannun, ɗigon ya bi shi da iska. Ya duba katakon da yake durƙushe a kai, a bushe yake. Shi wuta ba ta da hanyar bi ta jikinsa zuwa ƙasa, sai ta wuri ɗaya, ta yatsun da ke riƙe da wuyan hannunsa, ta ƙirjin tsohon nan, ta tafin ƙafarsa da ke cikin laka.

"Malam, ku sake ni," ya ce a hankali. Lasifikar ta ɗauki maganar ta watsa wa fili duka. Wasu suka ɗago kai. Afa bai saki ba, ya ci gaba da karatu.

Sai Mashud ya ji wutar. Ta fara kamar tafiyar cinnaku a tafin hannu, ta haura. Yatsun Afa suka ƙanƙame shi da ƙarfin da ba na tsoho ba, muryarsa ta karye a tsakiyar salati.

Mashud ya fizge hannunsa ya yi jifa da makirfon. Ya faɗa cikin laka, lasifika ta yi wata ƙara mai tsaga kunne, wani abu ya yi tas a cikin akwatin, komai ya mutu. Fizgar ta jawo Afa ya kife gefe guda, rawaninsa ya warware ya faɗi cikin ruwa.

Nan take fili ya ɓarke. Almuridai suka taso, wani ya ɗaga Afa, wani ya cakumi wuyan rigar Mashud. Ana cewa ya ture malaminsa, ana cewa ya jefar da sunan Manzo a laka. Da ƙyar dattawa suka raba. Afa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya nemi a mayar masa da rawaninsa, ya ƙarasa karatun ranar da muryarsa ta Allah, wadda ba ta wuce sahu na uku.

Bayan an shafa fatiha, aka shiga zauren makarantar, manyan gari da baƙi da Alhaji Gariba. Mashud na tsaye a bakin ƙofa. Bai jira an ba shi izini ba.

"Allah gafarta Malam, kun ji ta. Na san kun ji ta. Don Allah ku faɗa musu abin da kuka ji."

Afa Imoro na zaune yana murza yatsun hannunsa na dama da na hagu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Leɓɓansa sun yi fari. Ya juya fuskarsa wajen da Alhaji yake numfashi da ƙarfi, ya daɗe a haka.

"Na ji hannun yaro yana rawa," ya ce. "Bai saba da taro ba. Kuma tun safe bai ci komai ba. A yi masa uzuri."

Shi ke nan. Tsohon ya rufa wa abokinsa asiri, ya rufa wa ɗalibinsa, ya bar ƙirjinsa a buɗe. Kuma duk zauren aka gyaɗa kai ana yaba hikimarsa. Wannan ita ce kunyar da muke alfahari da ita, wadda za ta raka mutum har kabari tana ce masa sannu.

Issahaku ya leƙo ya ce ya duba ta gefen akwatin, 'yar wayar fis mai tsare inji ce kawai ta ƙone, zai naɗa takardar sigari mai ƙyalli a wurin, yanzu-yanzu zai tashi.

"Madalla," in ji Alhaji. Bai dubi Mashud ba. "Gobe ne rufe karatu. Wannan yaron zai bi lorin safe ya koma Salaga wurin uwarsa. Issahaku zai kula da inji. Makirfo kuwa a cire masa wannan ƙazamar robar, a ba Afa ya riƙe abinsa da kansa, kada a sake samun mai farfaɗiya."

Mashud ya ɗago kai. Ya dubi Issahaku da ke murmushi yana jin an ba shi girma. Ya dubi hadarin da ke sake haɗuwa ta ƙofar zaure. Ya dubi ƙafafun Afa, har yanzu da laka a tsakanin yatsun. Duk abin da ya sani gaskiya ne, kuma in ya sake faɗarsa sau ɗaya, gobe war haka yana kan hanyar Salaga, makirfo tsirara na hannun tsohon nan.

Ya cire hularsa. Ya tako har gaban kawunsa ya zube.

"Kawu, na tuba. Laifina ne."

"Laifinka ne me?"

"Tsoro ne ya kama ni. Ku bar ni in gyara abin da na ɓata. Ku bar ni in riƙe gobe."

"Injin fa? A Salaga ka ce mini makashi na saya."

Mashud ya matse hularsa. Ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

"Da kai nake, Injiniya. Ɗaga murya, baƙi su ji."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ban ji ba."

"Injin lafiyarsa ƙalau, Kawu."

Alhaji Gariba ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki. Shi ba mugu ba ne, yana son yaron, kuma ya ji daɗi da ya dawo hanya. Ya dafa kansa.

"To Allah ya yi maka albarka. Tunda kana son ladan, na ba ka shi duka. Ka zauna nan Yendi tare da akwatin. Juma'a, tafsirin azumi, duk ranar da Afa zai yi magana, kai ne mai riƙewa."

Aka ce amin. Afa Imoro ya sunkuyar da kai yana jan carbi da hannun hagu.

Wani attajiri daga Gushegu, mai sayar da shanu, ya matso ya gyara zama. Ya ce shi kam abin ya burge shi, yadda murya ta kai har kasuwa. Limaminsu ma ya tsufa, ba a jin huɗubarsa. Ko Alhaji zai samo masa irin wannan, da akwatinsa da komai?

"Sai dai abin da ya faru ɗazu ya ɗan tsorata ni," ya ce. "Ba shi da wata illa dai ko?"

"Ga mai ilimin abin nan a gabanka, da takardarsa ta Tamale," in ji Alhaji. "Injiniya, gaya masa."

Mashud na durƙushe, hularsa a hannu, wuyan hannunsa na zafi inda yatsun suka kama. Duk zauren na jiransa. Ya ɗago ya dubi mutumin Gushegu.

"Ranar da za a kunna," ya ce, "a aiko a kira ni."